Haƙar Kwal da Ruwan Shan Jama'a

A shekarar 1909 aka gano kwal a ƙasar Udi, kusa da inda garin Inugu yake yanzu, aka kuwa soma haƙa sosai a 1916. Shekaru da yawa da wannan kwal jiragen ƙasa suka yi ta tafiya. Yau ramukan Onyeama da Okpara a rufe suke, ma'aikata sun watse, amma ruwa bai daina tsattsafowa daga cikinsu yana gangarawa rafuka irin su Ekulu ba, inda mutane ke ɗiba. Abin lura ke nan: aikin kwal yana ƙarewa, ɓarnar ruwa kuwa takan daɗe bayansa.

Ga yadda abin ke faruwa. A jikin kwal akwai wani dutse mai haɗe da ƙarfe da farar wuta. Muddin yana binne, ba ya cutar kowa. Amma da an tone shi, iska da ruwa suka same shi, sai ya haifi ruwa mai tsami. Wannan ruwa shi ke narkar da ƙarafan da ke cikin duwatsu ya kwashe su zuwa rafi. Alamarsa ita ce jan laka mai kama da tsatsa a gaɓar rafi, da ƙarancin kifi. Haka kuma rami mai zurfi yakan janye ruwan ƙarƙashin ƙasa, rijiyoyin maƙwabta su ja baya.

Kada mu ɗauka wannan matsalar mutanen Inugu ce su kaɗai. Ana haƙar kwal a Maiganga ta Jihar Gombe, akwai shi kuma a Okaba ta Jihar Kogi, kewaye da ƙauyukan da ba su da ruwa sai na rijiya da rafi.

Magani sananne ne. Akan tara ruwan rami a tafkuna, a zuba masa farar ƙasa ta kashe tsamin, a bari laka ta kwanta kafin a sake shi. Tarin duwatsun da aka fitar a rufe shi da yumɓu, rami kuma a cike shi in an gama. Doka ma akwai: ta 1992 ta wajabta binciken illar babban aiki kafin a fara shi, dokar ma'adinai ta 2007 kuma ta ɗora wa mai haƙa gyaran wurin da ya tona.

To, ina gizo ke saƙar? Wajen shaida. Kadan ba a auna ruwan gari ba tun kafin a sa diga, ran da ya ɓaci ba mai iya tabbatar da yadda yake a da, sai gardama. Tun ran gini ran zane.

A nan ne muke ganin malaman ofis da malaman makaranta suna da aiki. Igiya mai ƙulli ta isa auna zurfin rijiya kowane wata. Takardar gwajin tsami, wadda ke sāke launi, ba ta da tsada, manyan 'yan makaranta ma sa iya aiki da ita. A rubuta kwanan wata da sunan rijiya a littafi guda, dagaci ya sa hannu, a ajiye kwafe a ofishin ƙaramar hukuma. Wannan ba zai maye gurbin gwajin masana ba, amma shi zai nuna lokacin da ya kamata a kira su, kuma ran da magana ta kai gaban hukuma, talaka yana da abin nunawa.

Allah ya sa mu farga da wuri.