Wasiƙa zuwa ga masu fitowa a yaran bos



Da ku nake, ku da hotonku ba ya hawa fosta, kuma sau da yawa kafin fim ya kai rabi an harbe ku. Shawarata ita ce ku nemi finafinan John Cazale ku kalla da idon sana'a.

Ba'amurke ne, haifaffen 1935. Ya daɗe yana wasan dandamali a New York, yana haɗawa da tuƙin tasi da aikin masinja don rufin asiri. Finafinai biyar kacal ya yi kafin ciwon dajin huhu ya yi ajalinsa a 1978, yana ɗan shekara 42. Duka biyar ɗin sun shiga takarar Oscar ta gwarzon fim, amma shi ko sau ɗaya ba a saka sunansa ba.

Ku duba Fredo, rawar da ya taka a The Godfather na 1972. An buɗe wa mahaifinsa wuta a bakin titi yana sayen lemo. Fredo ya fito daga mota, ya zaro bindiga hannu na rawa, ta suɓuce masa. Sai kawai ya zauna a gefen hanya yana rusa kuka. Ɗan gidan shugaban Mafiya ne fa! Wani ɗan wasan da roƙon darakta zai yi a bar shi ya rama ko da harbi ɗaya, kada masu kallo su raina shi. Cazale ya karɓi raunin nan hannu biyu, shi ya sa da Fredo ya ci amanar ƙaninsa a kashi na biyu, mai kallo ya san takaicin da ya kai shi.

A finafinanmu kuwa, da an ce ka fito a ɗan daba, sai zare ido, kausasa murya da ɗaura ƙyalle a ka. Wanda ya san 'yan daban unguwa ya san akwai matsoraci a cikinsu, akwai mai shakkar mahaifiyarsa, akwai wanda bashi ya jefa shi harkar. Kafin ku tafi lokeshan, ku tambayi kanku me wannan mutumin yake tsoro.

Sannan ku koyi yin shiru. A Dog Day Afternoon na 1975, Cazale ya fito a Sal, ɗan fashin banki da ba ya cika magana. Al Pacino, wanda ya fito a abokin fashinsa, ya tambaye shi ƙasar da yake so su gudu, ya ɗan yi jim, ya ce Wyoming, alhali jiha ce a cikin Amurka. Amsar ba ta cikin rubutun fim ɗin, Cazale ne ya ƙirƙiro ta a gaban kyamara, fuska ba alamar wasa, darakta Sidney Lumet kuma ya bar ta a ciki.

Allah ya ba da sa'a.

Naku,
Mai bibiyar aikinku