Aradu: Jirgin Yaƙinmu Mai Sunan Hausa



Daren Asabar hadari ya taso mana a Chikaji, aka yi wata tsawa har ƙanena ɗan aji biyu ya toshe kunnuwa yana cewa aradu ta faɗi. Na ce masa, “Ka san Najeriya tana da jirgin ruwan yaƙi mai wannan suna?” Ya yi dariya, wai ina Hausa ina teku. Ban ga laifinsa ba, mu da babban ruwan da muka sani bai wuce Kubanni da Galma ba. Shi ya sa yau na kawo muku tarihin NNS Aradu.

Kamfanin Blohm + Voss ne ya ƙera shi a birnin Hambug na ƙasar Jamus. An fara aikin a 1978, aka saka shi a ruwa a 1980, ya iso Legas a Disambar 1981, ya kama aiki a Fabrairun 1982, zamanin Shugaba Shehu Shagari. Da farko Republic aka raɗa masa, daga baya aka sauya zuwa Aradu. Tsawonsa mita 125, wato ya ɗara filin ƙwallo, gudunsa kuma ya kai kusan kilomita 56 a awa. Yana da babbar bindiga a gaba, da makamai masu linzami, da wurin ajiye jirgi mai saukar ungulu a baya. Shi ne na farko a duniya cikin samfurin da ake kira MEKO, inda ake zuba makamai da na'urori a manyan akwatuna, yadda za a cire wanda ya lalace a sa wani cikin sauƙi. Nan take ya zama jagoran jiragen sojan ruwanmu.

Sai dai tafiyar ba ta miƙe ba. A 1987 kaɗai sau biyu yana kafewa a wurin da ruwa ba zurfi, ya kuma yi karo. Aka shiga da shi gyara a Legas a 1991, bai fito ba sai 1994. Duk da haka ya fitar da mu kunya a 2005, lokacin da ya je Ingila bikin cika shekara 200 da yaƙin ruwa na Tarafalga, sannan a 2007 ya ƙetare tekun Atlantika zuwa Barazil. Bayan nan ya shafe shekaru a ɗaure a bakin tasha, tsatsa na cin sa. Sai a 2023 aka ƙulla yarjejeniya da kamfanin Dearsan na Turkiyya don a farfaɗo da shi.

Ga abin da ya fi tsaya mini a rai. Da Aradu ya kwanta, Amurka ta ba mu wani jirgi a 2011, muka sa masa suna Thunder, wato aradun dai da Turanci. Wannan jirgi tun 1968 yake aiki a can, ya girmi namu da shekara 14. Amma da ƙarfinsa ya zo, har ya je Ostireliya a 2013. Tsoho na tafiya, ƙaninsa na kwance. Bambancin shi ne kulawa: gyara a kan lokaci, kayan canji a ajiye, da ƙwararrun da suka san cikin injin.

Mu dawo gida. Kwamfuta nawa ne a makarantarku aka rufe a ɗaki saboda wata ƙaramar waya ta ƙone? Kujera nawa aka jibge a bayan aji saboda ƙusa ɗaya? Saye na yini ɗaya ne, riƙo kuwa kullum ne.

Da yawanku kuna sha'awar kaki, musamman ku da kuke ganin kuratan soja a garin nan. Makarantar NDA ta Kaduna tana horar da hafsoshin ruwa, ɗan Zariya ma yana da gurbi. Amma ku sani jirgi yana buƙatar injiniya da mai walda da mai haɗa wuta kamar yadda yake buƙatar kyaftin. Kada ku raina lissafi da fiziks da darasin zanen fasaha, kada kuma ku yi wa ɗan ajinku dariya don yana zuwa garejin makanikai a Sabon Gari bayan an tashi.

Aikin wannan mako: ku nemo abu ɗaya da ya lalace a ajinku, ku sanar da malami, ku haɗu ku gyara. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.