Ƙa'idar da Ba Ta San Kwatarkwashi Ba

Duk takardar da wata kwamfuta ke aika wa wata, ta banki ce ko ta asibiti, sai ta bi ta hannun mai tsaron ƙofa. A tsarin XML, wanda ƙungiyar W3C ta amince da shi a 1998, kowane bayani yana da gurbinsa mai laƙabi: suna, gari, jiha, shekarar haihuwa. A gefe guda kuma ana rubuta ƙa'idojin da za a auna takardar da su. Wadda ta saɓa, sai a mayar da ita.

XML Schema na 2001 ya fi duba siffa: shekara ta zo da lambobi, ƙaramar hukuma ta kasance cikin 14 na Zamfara. Schematron kuwa, wanda Rick Jelliffe ya ƙirƙiro a 1999, alaƙa yake dubawa: in an ce Kwatarkwashi, to ƙaramar hukumar Bungudu ce, ba Tsafe ba. Yana kuma ba da damar bayyana kuskure da maganar mutane, har da Hausa.

Sai dai ƙa'ida ba ta wuce sanin wanda ya rubuta ta. Garin nan ana rubuta shi Kwatarkwashi, ana rubuta shi Kotorkoshi. Jerin da ya ɗauki ɗaya ya kori ɗayan. Wanda aka haifa can a 1990, a Jihar Sakkwato aka haife shi, domin sai 1996 aka ƙirƙiro Zamfara. Ƙa'idar da ta manta da haka za ta ƙaryata tsohuwar shaidar haihuwarsa. XML yana karɓar ƙ, ɗ da ɓ, amma wanda ya taƙaita suna ga haruffan Ingilishi ya rufe wa Ƙaura Namoda da Ɗansadau ƙofa.

Mai ɗaukar wahalar shi ne manomin da kuɗinsa ya maƙale, ya biya mota zuwa Gusau, aka ce masa "na'ura ta ƙi".

Don haka rubuta waɗannan ƙa'idoji hukunci ne a kan jama'a, bai kamata a bar wa injiniya shi kaɗai ba. Hukumomi su wallafa su kowa ya gani, su gwada su da ainihin sunayen mutanenmu da garuruwanmu, kuma kowane ƙi ya zo da dalilin da mai takarda zai fahimta.