Ƙugin jirgin sama: tun ran gini, ran zane

A ƙauyukan Madawa, Buza da Keita, in dare ya raba, ba abin da kunne ke ji sai kukan jaki da haushin kare. Wanga shiru dukiya ne, amma kamar lafiya, ba a sanin darajarsa sai ya kuɓuce.

Filin jirgin sama na jaharmu yana Tawa, zirga-zirgarsa kuma ba ta da yawa. Sai dai ƴan cin ranin Adar da suka zauna Kano sun san yadda lamarin ke rikiɗewa. Can, jirgi ya fara sauka a 1925, lokacin da gonaki ne kewaye da birni. Sannu a hankali gari ya cinye gonakin, gidaje suka shiga ƙarƙashin hanyar jirage. Ranar 4 ga Mayu 2002, jirgin kamfanin EAS ya faɗo unguwar Gwammaja, mutane fiye da 100 suka rasu.

Ko babu hatsari, ƙugin kansa cuta ne: yana katse barci, yana kuma da hannu cikin hawan jini. A 2018, hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ba da shawarar kada ƙarar jirage ta wuce desibel 40 da dare. A Jamus, da aka sauya wa filin jirgin Munik wuri a 1992, masana sun ga karatun yaran kusa da sabon filin ya ja baya, na maƙwabtan tsohon kuwa ya farfaɗo. To in haka ta faru cikin ginin siminti, ina ga ɗan lakkol da ke karatu cikin rumfar kara?

Ba wanda ke ƙin ci gaba. Alhazanmu da marasa lafiyarmu suna bukatar jirgi kusa. Abin da muke roƙon magabata shi ne, duk ranar da za a faɗaɗa fili ko a buɗe sabo, a zauna da sarakuna, masu gari, manoma da makiyaya tun ba a kafa turke ba. A fitar da iyaka, a hana yanka filayen gidaje da lakkol ƙarƙashin hanyar tashi da sauka, a biya diyyar gona yadda ta kamata. Manoman Narita, a Japan, ba a shawarce su ba a 1966; rigimar ta jinkirta buɗe filin har 1978.

In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.