Minti Shida a Fagen Takwando

Ya kai ɗalibi, idan aka ce maka karawa ɗaya a wasan takwando ba ta wuce zagaye uku ba, kowane zagaye minti 2 da hutun minti 1 a tsakani, kana iya cewa abin ba wuya. To, kada ka yi saurin yanke hukunci.

Wannan wasa ya samo asali ne daga Koriya, kuma mutanenmu sun yi fice a cikinsa. A gasar Olamfik ta 2008 a Beijing, Chika Chukwumerije ya ciyo wa Nijeriya lambar tagulla, daga baya ya kafa gidauniyar horar da matasa a Abuja. A 2016 kuma, Issoufou Alfaga na Nijar ya samu lambar azurfa a Rio.

Me ke faruwa a jikin ɗan wasa cikin waɗannan mintoci? Ba ya tsayawa wuri guda. Yana ta tsalle-tsalle, ya kai hauri cikin ƙiftawar ido, ya kauce, ya sake kaiwa. Zuciyarsa tana bugawa kusa da iyakar ƙarfinta. Tsokoki suna buƙatar iska fiye da yadda jini ke iya kai musu, sai cinyoyi su yi nauyi. Hutun minti ɗaya ba ya kawar da wannan gajiya, ga shi kuma mai neman lambar zinariya yana iya karawa sau huɗu a yini ɗaya.

Ga inda haɗarin yake. Ana raba 'yan wasa rukuni-rukuni bisa nauyinsu. Domin su shiga rukunin marasa nauyi, wasu matasa sukan ƙaurace wa abinci da ruwa, su sa tufafi masu kauri su yi gudu cikin zafin watan Maris na Abuja. A ganina wannan ganganci ne. Idan ruwan jiki ya ragu, zuciya da ƙoda suna wahala, jiri ya kama mutum, tunaninsa ya daina sauri. Yaya mai jiri zai kare kansa daga hauri?

Saboda haka, idan kana sha'awar takwando, ka yi wasa a rukunin da ya dace da jikinka. Ka ci abinci mai gina jiki, ka sha ruwa, ka samu isasshen barci, ka horar da numfashinka sannu a hankali a hannun ƙwararren mai koyarwa. Hausawa sun ce lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke.