Abin da Hoton Gwiwa Ke Iya Faɗa wa Mai Ciwo

A ƙarshen kowane ƙashi da ke haɗuwa a gwiwa akwai guringuntsi mai santsi, kaurinsa 'yan milimita kaɗan. Shi ne ke hana ƙashi gogar ƙashi. Idan ya fara zaizayewa, sai a shiga ciwon gaɓɓai irin na zaizayar guringuntsi, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ya kama mutum miliyan 528 a shekarar 2019, kuma gwiwa ce gaɓar da ya fi kamawa. Ra'ayina shi ne hoton asibiti ya yi wa masu bincike babban amfani wajen bin diddigin wannan zaizaya, amma bai kamata mai ciwo ya ɗauke shi a matsayin hukunci a kan ƙafarsa ba.

Hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna guringuntsi ko kaɗan. Abin da likita ke dubawa shi ne tazarar da ke tsakanin ƙashin cinya da ƙashin ƙwauri, shi ya sa ake ɗaukar hoton mutum yana tsaye, nauyinsa na kan gwiwar. Idan tazarar ta ragu, sai a ce guringuntsi ya ragu. A 1957 Kellgren da Lawrence, likitoci biyu a Ingila, suka tsara matakai daga 0 zuwa 4 na auna tsananin ciwon, kuma har yau da su ake aiki. Sai dai ma'aunin yana da rauni. Raguwar shekara guda takan gaza rabin milimita, don haka ɗan bambancin yadda aka lanƙwasa gwiwa a hoto na biyu zai iya ɓoye ta ko ya ƙara mata. Haka kuma matashin da ke tsakanin ƙasusuwan biyu, idan ya gurɗe gefe, tazarar za ta ragu ko da guringuntsin yana nan yadda yake.

Na'urar MRI ta cike wannan gurbi, domin tana nuna guringuntsin kansa, da kumburin rufin gaɓa, da taɓuwar ɓargo a ƙarƙashinsa. A Amurka, wani babban bincike da aka fara a 2004 ya bi mutum kusan 4,800 shekara da shekaru yana ɗaukar hoton gwiwoyinsu, kuma da shi aka koyi auna kaurin guringuntsi sashe-sashe. Wannan ci gaba ne da ba a raina shi.

Amma fa ido mai kaifi yakan ga abin da ba ya damun mai shi. A wani bincike na garin Framingham da aka wallafa a 2012, an duba gwiwoyin mutanen da suka haura shekara 50 waɗanda hoton ƙashi bai nuna musu ciwon ba, sai MRI ta gano wata tawaya a kashi 89 cikin ɗari, har da masu yawa da ba sa jin zafi. Dalili ɗaya shi ne guringuntsi ba shi da jijiyoyin jin zafi. Raɗaɗin daga ƙashi da rufin gaɓa yake tasowa. Gwajin maganin sprifermin da aka wallafa a 2019 ya ƙara tabbatar da haka: kaurin guringuntsi ya ɗan ƙaru a hoto, amma zafin bai ragu fiye da na waɗanda ba a ba su maganin ba.

Wani zai ce ganin hoto yana kwantar da hankali. Sau da yawa akasin haka ake samu. Dattijuwar da aka nuna wa hoto aka ce ƙashinta na cin ƙashi takan daina tafiya don tsoro, tsokar cinya ta yi rauni, gwiwar ta ƙara nauyi. Alhali motsa jiki da rage ƙiba su ne maganin farko. Shi ya sa ƙa'idar likitocin Ingila ta ce mai shekara 45 ko fiye, da ke jin zafi idan ya motsa, kuma ƙagewar safiya ba ta wuce minti 30, ana iya tabbatar da ciwonsa ba tare da hoto ba.

Hoto yana da wurinsa: lokacin shirin tiyata, ko bayan rauni, ko idan gwiwa ta kumbura da zafi ba zato. A sauran lokuta, kuɗin MRI ya fi amfani idan aka kashe shi wajen mai gashin ƙashi da koyar da atisaye. Tambayar da ta fi dacewa likita ya yi ita ce: Baba, zuwa ina kike iya takawa yanzu, kuma kina iya durƙusawa?