Kada a fasa wa yaranmu motocinsu, a koya musu awo



A zamanmu na watan jiya wani daga cikin iyayen ƙungiya ya kawo ƙorafi. Ya ce yaran unguwarsu a Gashua sun daina ƙera motar kara irin wadda muka sani, yanzu sai tankar yaƙi da Hilux mai bindiga a baya, da gwangwanin madara da kwali da tayar tsohon silifa. Wani ɗan uwa daga Nguru ya ce su ma haka ne, har wani malami ya tattara na ɗalibansa ya tattake su a gaban aji. Shawarar da aka kawo ita ce ƙungiya ta roƙi masu unguwanni su hana. Mu a kwamiti ba mu goyi bayan hanin ba, kuma ya kamata mu faɗi dalili.

Ba mu raina tsoron iyaye ba. Tun daga dokar ta-ɓaci ta watan Mayun 2013 a Yobe da Borno da Adamawa, yaron da aka haifa a nan ya buɗe ido da shingen sojoji a hanya. Mu da muka taso muna kallon jirgin ƙasa na shigowa tashar Nguru daga Kano, jirgi muka riƙa yi da totuwar kara, da kuma motocin da ke lodin kifi. Su abin da suka gani ke nan. Idan aka tattake motar, gobe zai sake wata, kuma ba zai nuna wa kowa ba.

Abin da muka lura da shi da muka karɓi wasu daga cikin motocin muka duba shi ne, hannun yaran ya iya aiki, awo ne babu. Bindiga ta fi motar tsawo, taya ɗaya ta fi 'yar uwarta. A wasu ƙasashe ƙera ƙananan motoci sana'a ce mai ƙa'ida, manya ma na yi. Ma'aunin da suka fi amfani da shi ga motocin soja shi ne 1:35, wanda kamfanin Tamiya na Japan ya yaɗa. Ma'anarsa kowane santimita ɗaya a ƙaramar ya tsaya a madadin santimita 35 na babbar. Wannan lissafin rabawa ne na firamare, wanda yaranmu ke faɗuwa a jarrabawa.

Ga misali daga Yaƙin Duniya na Biyu, yaƙin da kakanninmu suka je Bama. Amurka ta ƙera wata mota mai tafiya a kan sarƙa kamar tanka, ana kiranta M7 Priest, an ɗora mata igwa mai bakin milimita 105. Tsawonta kusan mita 6 ne, don haka a ma'aunin 1:35 za ta fito kamar santimita 17, faɗinta kuma kusan 8. A watan Agustan 1944 a Nomandi ta Faransa, Janar Guy Simonds na sojojin Kanada ya ba da umarni a sauke igwar daga irin waɗannan motoci sama da 70 cikin 'yan kwanaki. Makanikai suka cire ta, suka toshe ramin da ta bari a gaba da farantin ƙarfe, motar ta koma ta ɗaukar mutane. Aka yi mata laƙabi da Kangaru. Kada mu yaudari kanmu, ba don zaman lafiya suka cire ba, sojoji aka kwasa a ciki zuwa fagen daga. Mu dai aikin hannun ne ya ja hankalinmu.

Domin manna bututun biro a kan kwali a ce bindiga ce ba ya buƙatar tunani. Cirewa ce ke da wuya. Sai yaro ya san inda igwar ta zauna, abin da ke riƙe da ita, girman ramin da za ta bari, da yadda zai yanka gwangwani ya rufe shi daidai ba tare da motar ta karkace ba. Daga nan sai tambaya ta taso da kanta: wannan fili da ya samu, me za a ɗauka a ciki? Buhunan gero, ko tankin ruwa, ko mara lafiya zuwa asibiti idan damina ta yanke hanya? Mun gwada da yara huɗu a ƙofar gidan ma'ajinmu. Uku sun gaji sun tafi ƙwallo. Na huɗun ya yini yana gwada rula, ya lalata kwali biyu, da magariba ya kawo mota mai benci a ciki, ya kuma tambaye mu me ya sa 600 a raba 35 ba ya fita daidai.

Akwai masu cewa duk da haka siffar motar yaƙi ce. Gaskiya ne, shi ya sa muka yarda da sharaɗi biyu da dattawa suka kafa: babu abin da zai yi kama da bindigar hannu, kuma ba a fita da su titi lokacin Sallah.

Don haka kwamiti ya amince a riƙa tara yara 'yan shekara 9 zuwa 15 ranar Asabar ta ƙarshen kowane wata, sau ɗaya a Nguru, sau ɗaya a Gashua. Muna neman masu walda biyu da kafinta ɗaya da malamin lissafi da za su ba da awa biyu kyauta, kuma muna fata ɗalibanmu da ke Jami'ar Tarayya ta Gashua za su shigo. Mai rula ko almakashi ko gam da ba ya amfani da su ya miƙa wa ma'aji kafin zama na gaba.

Sakataren ƙungiya